Ku Duba Ƙafarsu

Ranar Talata 15 ga Yulin 2025, ranar da aka kawo gawar Janar Muhammadu Buhari daga Landan, ban samu zuwa Daura ba. A majalisarmu na kalla, mu wajen bakwai, mun yi wa wayar wani ƙanenmu rumfa, an jingina ta da buta a kan benci. Muka ga jirgi ya sauka a filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa. Muka ga manyan hafsoshi cikin kakin ado, jan ƙyalle a wuyan riga, lambobi jere a ƙirji, suna taku ɗai-ɗai a gefen gawar da aka lulluɓa wa tutar ƙasa, ƙafa ba ta riga ƙafa sauka. Majalisar da ba a raba ta da musu, har da waɗanda suka shekara takwas suna sukar mamacin, ranar sai ta yi tsit.

Wanda ya fasa shirun abokina ne, tsohon malamin firamare, mutumin Batsari da rashin tsaro ya koro shi cikin birni da iyalinsa. Ya ce, "Malam, duk wannan ado ne. Da za a ba ni kuɗin maɓallan nan masu ƙyalli da igiyoyin kafaɗa, harsashi zan saya wa yaran da ke kwana a bakin dajin Rugu." Ba wanda ya tanka masa, don wanda gobara ta ci gidansa ba a yi masa gardamar zafin wuta. Ni ma na yi shiru. Amma maganar ta zauna mini a rai, kuma har yau ban yarda da ita ba, ko da yake na san inda ta fito.

Gara in faɗi ko ni wane ne tun da wuri, kada a ce na ɓoye. Ni ɗan mai wanki da guga ne, da kuɗin gugar kaki aka saya mini littattafan makaranta. Da aka ƙirƙiro jihar Katsina a 1987 gwamnan soja aka turo, gari ya cika da masu kaki, shagon Baba ya samu kasuwa. Ni ke hura gawayin dutsen guga, ni ke dama sitaci, ni ke kai kaya bariki a kan keke. Akwai wani samanja, gajere, kakkaura, mutumin kudancin Kaduna da Hausarsa ta fi tawa, wanda in ka kai masa riga ba ya karɓa sai ya ɗaga ta ya haska da rana. In ya ga kari biyu a hannun riga, wato dutse ya goce ya bar layi kusa da layi, ba faɗa ba zagi, miƙo maka ita zai yi ya ce a gaida Baba. Ranar sai an sake jiƙa ta. Ina yaro na ɗauka mugunta ce. Da na yi ƙorafi, Baba bai ko ɗago daga teburinsa ba ya ce, "Shi ma akwai mai duba shi."

Na daɗe kafin in gane nauyin wannan 'yar magana. Fareti dubawa ne kafin ya zama abin kallo. Kafin gwamna ko shugaban ƙasa ya zo ya ratsa layi, saje ya riga ya duba kurtu, samanja ya duba saje, hafsa ya duba samanja: aski, farce, maɓalli, bel, inda wando ya sauka a kan takalmi, inda hula ta zauna a goshi, cikin bakin bindiga. Wanda ya saba da cewa wani zai duba igiyar takalminsa da asuba, shi ake sa ran zai share bindigarsa a daji inda ba mai ganinsa. Guga ba ta harbi, wannan na sani. Amma rundunar da ta kasa sa mutum ɗari su ɗaura bel iri ɗaya, da wuya ta iya sa su ɗaga hannu daga kunamar bindiga har sai an ba da umarni, mu kuwa farar hula da ke zaune a gaban bakin bindigar, wannan haƙurin nasu shi ne ranmu.

Sannan kaki rubutu ne, kuma mutanenmu sun iya karanta shi tun kafin su iya karatun boko. Igiya ɗaya a hannun riga laskofur, biyu kofur, uku saje. Hafsa kuwa a kafaɗa ake karanta shi: anini ɗaya ƙaramin laftana, biyu laftana, uku kyaftin, mikiya ita kaɗai manjo, mikiya da anini ɗaya laftana-kanar, da biyu kanar, da uku birgediya. In ka ga takobi da sanda sun gitta a ƙarƙashin mikiya, ka kai ga manjo-janar. Daga kanar zuwa sama ne ake samun jan ƙyallen nan a wuyan riga. Dubi kalmomin ma. Bature ya sa tauraro a kafaɗa, Bahaushe ya kalla ya ga ya yi kama da anini, ɗan kuɗin nan mai huda a tsakiya da zanen tauraro a bayansa, sai ya raɗa masa suna. Yau yaran da ba su taɓa riƙe anini ba suna cewa wane ya samu anini biyu. Kurtu, kofur, samanja, hafsa, fareti, bariki, duk Turanci ne da ya kwana a bakinmu har ya zama ɗan gida.

Ba abin mamaki ba ne, don mun daɗe a cikin rigar nan. Rundunar sojan ƙasa ta Najeriya tana lissafin haihuwarta daga 1863, lokacin da wani hafsan jiragen ruwan Ingila, John Glover, ya tara mutum 18 a Legas, aka riƙa ce musu Hausawan Glover. Sojojin da suka rako Gwamna Lugga ya shigo Katsina ta Ƙofar Yandaka a 1903, Turawan cikinsu 'yan kaɗan ne, sauran baƙaƙe ne irinmu, da yawansu da Hausa suke magana. Shekara da shekaru Hausa ce harshen bariki, har aka samu wata karyayyar Hausa da ake kira Barikanci. Kakin faretin wancan zamani kuwa hotunansa suna nan: jar dara mai tuntu, jar 'yar shara mai bakin rawaya, jar ɗamara, gajeren wando. Kyau kam akwai kyau. Amma sauke idonka ƙasa a tsofaffin hotunan. Hafsa Bature da takalminsa, baƙin soja ƙafa a ƙasa. An yi masa ado daga ka zuwa gwiwa, an bar tafin ƙafarsa yana shan zafin filin fareti. Sai wajejen yaƙin duniya na biyu, da aka kwashe su zuwa Habasha da ƙasar Bama can gabas da Indiya, takalmi ya zama na kowa. Sunayen barikoki irin su Kalapanzin da Dalet a Kaduna da Myohaung a Legas, duk wurare ne a Bama inda kakanninmu suka zubar da jini. Bayan mulkin kai aka jingine jar dara, aka koma koriyar riga mai tsayayyen wuya da hula mai baki, wadda Bahaushe da ba ya rasa suna ya kira hana-salla. Ita ce muke gani a hotunan Janar Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Usman Nagogo, gwamnan Jihar Arewa a 1966, shugaban sojan ƙasa daga 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa.

Abin da ba a jingine ba shi ne rubutun Larabcin da ke jikin tambarin rundunar, a ƙarƙashin mikiya da tauraro mai kusurwa shida: Nasrun minallah, daga aya ta 13 a Suratus Saffi. Rundunar da kanta tana danganta shi da tutar jihadin Shehu Usmanu, irin tutar da Ummarun Dallaje ya kawo Katsina. Sojan da ya ci Daular Usmaniyya da yaƙi shi ya ɗauki takenta ya mayar nasa. Abin akwai ɗaure kai, amma haka tarihi ya zo, kuma rubutun yana nan har gobe.

Kada ma wani ya ɗauka Turawa ne suka koya mana cewa tufa tana da ƙa'ida. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kangiwa, filin ƙofar fadar Sarkin Katsina, ranar hawan Sallah fareti ya gani. Hakimai ba sa shigowa yadda suka ga dama, kowa da gurbinsa a jeri. Dogari da ja da korensa, ɗan lifida da lifidinsa, ɗan sulke da sulkensa, ga 'yan bindiga, ga zagage, ga masu kakaki da algaita. Rawani mai kunne biyu ba na kowa ba ne, laima ta Sarki ce shi kaɗai. A Daura ma haka ranar hawan Magajiya ko Sallar Gani. Yaron da ke kan katanga zai gaya maka wane ne ke tafe tun kafin maroƙi ya buɗe baki, daga naɗin rawani da kayan doki kawai. To kai da ba kowa ba gwada, tafi kasuwa ka yanko yadi ka naɗa mai kunne biyu, ka yi hayar doki ka kutsa cikin jerin. Ba za ka isa Ƙofar Soro da rawanin a kanka ba. Fada ta riƙe abin da nake ganin gwamnati ta saki: alama ba ta da amfanin komai sai in ana hana wanda bai cancanta ba sa ta.

Shekarun baya kaɗan na shiga motar haya daga Katsina zuwa Funtuwa, ta hanyar Dutsin-ma da Ƙanƙara. Mun wuce 'Yantumaki, La'asar ta yi sanyi, sai muka hango shinge a gaba, mutane a tsaitsaye cikin kaki mai dabbare-dabbare, da bindigogi. A da, ganin kaki a hanya yana nufin ka gyara zama ka yi ajiyar zuciya. Ranar direbanmu burki ya taka tun daga nesa, hannunsa a kan giyar baya, ya ce, "Jama'a, ku duba ƙafarsu." Mota ta yi tsit, wata tsohuwa a bayana ta kama salati. Shi bai damu da riga ba, bai damu da bindiga ba. Ya ce in takalmin soja ne mai igiya har ƙauri, iri ɗaya a ƙafar kowa, to namu ne. In an ga takalmin roba ko silifas, ga fuska an naɗe da rawani, to juyawa za mu yi, kowa ya sunkuya. Wani yaro mai kaifin ido a kujerar gaba ya ce but ne, wallahi but ne. Muka matsa a hankali. Ashe sojoji ne na gaske, suka leƙa, suka ce mu sauka lafiya.

Wannan ita ce amsar da ban ba abokina ba. Mu tara a motar nan, a 'yan daƙiƙun nan, rayukanmu sun rataya ne a kan ƙa'idar sa tufa. Abin da samanja ke dubawa a filin fareti, wanda ake ce wa ado, shi direba ke dubawa a hanyar Ƙanƙara. Abin da ya sa kuma direban ya sauka har ƙafa shi ne rigar ta daina faɗin gaskiya. Mutanen Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Faskari da Sabuwa sun sha ba da labarin maharan da suka shigo gari cikin kakin soja, har mutane suka sake da su kafin a fara harbi. Su kansu 'yan bindigar ba sa ɓoyewa. A bidiyoyinsu na TikTok da wuraren zaman sulhu da kakin suke fitowa, jigidar harsashi a kafaɗa. Kalmar sojan gona da muke tsokanar juna da ita in wani ya shiga jarrabawa a madadin wani, ta koma ma'anarta ta asali, kuma yanzu kisa take yi.

Daga ina suke samu? Wasu daga jikin sojojin da suka kashe da sansanonin da suka fasa. Wasu ta kan iyaka, don tun rugujewar Libiya a 2011 kayan yaƙi ke malalowa ta Sahara, iyakarmu da Nijar kuwa doguwa ce. Wasu a kasuwa kawai, da kuɗinsu. Dokar ƙasa ta hana farar hula sa kakin soja, kuma a 2015 Majalisar Tsaron Ƙasa ta ba da umarnin cewa kaki mai dabbare-dabbare na sojoji ne kaɗai, 'yan sanda sai in suna aikin haɗin gwiwa da su, sauran hukumomi su janye nasu. To amma a kan wa dokar ke sauka? A Fabrairun 2017 duniya ta ga bidiyon sojoji biyu a Anacha sun jawo wani nakasasshe daga kekensa suna jibga, laifinsa ya sa kaya masu dabbare-dabbare. Rundunar ta rage musu girma ta ɗaure su, kuma ta kyauta. Sai dai hoton ya zauna a zukata, an bar jaki ana dukan taiki. Ɗan acaɓan da ya sayi hula a gwanjo yana tsallen kwaɗo a bakin titi, wanda ya shigo da dila guda ba wanda ya san sunansa.

Ga kuma wata ɓarakar da mu muka yi wa kanmu. Ƙirga masu kaki a babban taro ɗaya a Katsina: soja, ɗan sanda, sibil difens, 'yan kwastan, jami'an shige da fice, gandirobobi, masu kiyaye haɗurra, 'yan Hisba, dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, 'yan sintiri, mafarauta, 'yan agaji kowace ƙungiya da launinta, masu gadin kamfanoni, 'yan hidimar ƙasa. Da yawansu aiki suke na gaske. Dakarun nan wasunsu sun ba da rayukansu a ƙauyuka, 'yan agaji kuma in ba don su ba da filin Idi da manyan jana'izu sun gagara. Ba da su nake ba, da aninai nake. Kowace 'yar ƙungiya ta je wurin tela ta ɗinko wa shugabanta mikiya da takobi, jan ƙyalle a wuya, igiyar zinariya a kafaɗa, lambobi a ƙirji na yaƙin da ba a yi ba. Na taɓa ganin wani a wurin ɗaurin aure da kayan da ko Idi Amin sai ya sara masa, da na tambaya aka ce kwamandan wata ƙungiyar unguwa ce. Mun sha dariya. Amma lambar da ke ƙirjin soja na gaske kowace da labarinta: wannan ta Laberiya ce, wannan ta Saliyo, wannan ta Darfur, wannan ta Arewa maso Gabas, wannan ta shekarun da ya yi yana aiki ba tabo. In kowa zai iya sayen mai kama da ita a shago, an yi wa mai ita sata ba tare da an taɓa aljihunsa ba.

Da za a ji tawa, tsananin da ake yi a filin fareti a fito da shi waje. Mikiya da anini da jan wuya su zama na waɗanda doka ta ba, sauran ƙungiyoyi su nemi alamarsu daban, da launin da ko da almuru ba za a rikita shi da na soja ba. Yadin soja ya zama kamar takardar kuɗi, a san inda aka saƙa shi, a san adadinsa, a san wanda aka ba. Ma'aikatar ƙera kayan tsaro tana nan a Kaduna tun 1964, ga auduga a Funtuwa da Malumfashi, ban ga dalilin da zai sa abin ya gagara ba. Kuma duk sojan da zai tsaya a shingen hanya ya tsaya da cikakken kaya, sunansa a ƙirji, alamar rundunarsa a hannu, fuska a buɗe. Na san zafi, na san wanda ya yi wata shida a daji ba ta guga yake ba. Amma ranar da sojan gaske ya tsaya a hanya da silifas da baƙin ƙyalle a fuska, ya ba ɗan ta'adda kyautar da ta fi bindiga.

Inda na rabu da masu tsananin shi ne wajen ƙa'idojin da ba sa gaya wa kowa komai, gado ne kawai aka tarar. Gemu na cikinsu. Matashin Katsina da ke son shiga soja ya san ranar da ya isa Zariya, makarantar horon kurata da ke can tun 1924, reza za ta bi fuskarsa, kuma haka zai zauna har ritaya. Na san gidajen da wannan kaɗai ya sa uba ya hana ɗansa. Daga Ingila muka gaji dokar, su kuwa a Maris ɗin 2024 suka ɗage ta, sojansu na ƙasa yanzu yana iya ajiye gemu in dai a gyare yake. Sojan Indiya mabiyin addinin Sikh da rawaninsa da gemunsa yake fareti, ba a taɓa cewa layinsu ya karkace ba. A nan gida, a Maris ɗin 2022 Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya amince 'yan sanda mata su sa ɗankwali a ƙarƙashin hula. Aka yi ta hayaniya 'yan kwanaki, sannan kowa ya koma harkarsa. Mai kaya ya sauke, ɗan aro yana nan yana nishi da su.

Sai dai a nan dole in yi adalci, don hujjata tana iya juyowa ta sare ni. Direban nan da ya ce a duba ƙafa, da an matsa kusa fuska zai duba, kuma fuskar da aka aske tas tana cikin abin da ke raba soja da mutumin daji mai cukurkuɗaɗɗen gashi. Na yi ta juya wannan a raina. Inda na tsaya shi ne, abin da ido ke kamawa daga nesa kamanni ne, mutum goma su zama kamar an tsaga kara. Gemun da aka yanka wa tsawo, samanja yana duba shi da asuba kamar yadda yake duba bel, ba zai ɓata wannan ba. In an ce a jira ƙurar dajin nan ta lafa kafin a taɓa dokar, zan iya haƙuri. In kuwa aka ce gemu ƙazanta ce ko rashin ɗa'a, to maganar wani muke maimaitawa, wanda shi ma ya daina faɗinta.

Haka kiɗan. Ina son badujala. Har yau in na ji bigila gabana yakan faɗi irin na yarinta, lokacin da muke maci a filin folo ranar 27 ga Mayu da 1 ga Oktoba, malaminmu na ihun hagu-dama, mu da farin kambas da muka kwana muna shafa wa alli. Amma in na ga sojanmu a Abuja sanye da siket irin na mutanen Sukotlan yana busa algaitarsu mai jaka, sai in tuna muna da kakaki da farai da kuge, kuma sojan Jodan da jan hiraminsa a ka yake fareti ba wanda ya raina shi. Wannan dai son raina ne, ba zan yi faɗa a kansa ba.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce ainihin ciwon abokina. Yana da gaskiya ɗaya babba, akwai ƙasashen da sojansu ya ƙare a ado. Bokassa na Afirka ta Tsakiya ya cika ƙirjinsa da lambobi har ya naɗa kansa sarkin sarakuna a 1977, talakawansa na fama da babu. Mu ma mun ga 2014, shekarar da sojoji a barikin Maimalari na Maiduguri suka buɗe wa motar kwamandansu wuta don takaicin gawarwakin 'yan'uwansu, daga baya aka zo ana shari'ar zargin dala biliyan 2.1 na sayen makamai. Amma ba maɓalli ne ya cinye kuɗin nan ba. Sau nawa ake sa kakin ado a shekara? Ranar 15 ga Janairu ta tunawa da mazan jiya, ranar sojan ƙasa 6 ga Yuli, 1 ga Oktoba, ranar yaye hafsoshi a Kaduna, sai jana'iza. In an soke su duka gobe, ba na jin ko harsashi ɗaya zai ƙaru a Rugu. Abin da zai ragu shi ne 'yan ranakun da talaka ke ganin sojansa a fili, cikin tsari, yana sara wa tutar ƙasa da farar hular da aka zaɓa. A ƙasar da soja ya yi kusan shekara 29 yana mulki, ganin janar ya ƙame a gaban mai babbar riga ba ƙaramin abu ba ne. Shi kansa mamacin da aka yi wa faretin ya sa rigunan biyu, da kaki ya karɓi mulki a ƙarshen 1983, da babbar riga ya dawo a 2015. Ranar kuwa, a ƙarƙashin tutar, farin ƙyalle ne irin na kowa.

Inda zan bi abokina shi ne nan: duk mai zuwa kallon fareti ya koyi dabarar direba, ya sauke ido ƙasa. Ranar 15 ga Janairu, ban da ajiye furanni da sakin fararen tattabaru, akwai wani layi da nake jira, na tsofaffin sojoji, wasunsu tun na yaƙin basasa da ya ƙare a irin wannan rana a 1970. Rigunansu sun koɗe amma a goge suke, kari ɗaya, lambobi a jere yadda aka koya musu shekara hamsin da suka wuce. Ƙafar ce ke tona asiri. Wani takalmin ya buɗe baki, wani na aro ne ya fi ƙafar, wani ma kambas ne. Takalmin da ke ƙyalli a gaban rumfar manyan baƙi, da na tsohon nan, da na yaron da ke tsaye a shingen hanyar Ƙanƙara, mudu ɗaya ya kamata a auna su da shi, kuma idon da ya iya gano kari biyu a hannun riga ba zai ce bai ga wannan ba.

Ban ƙarasa labarin motar ba. Da muka wuce shingen aka fara irin dariyar nan ta bayan tsoro, kowa na yaba wa direba. Tsohuwar nan ta bayana, wadda har lokacin ba ta daina jan carbi ba, ta dafa kujerarsa ta ce, "To ɗan nan, ran da su ma suka sayo takalman fa, me za mu duba?" Direba ya kalle ta ta madubi ya ce, "Inna, sai dai Allah ya kiyaye." Ya ƙara wuta, don rana ta yi ƙasa kuma da sauran tafiya kafin Funtuwa.